Rubutun Gefen Taya da Tarihin Iyakar Lodi

Kowace tayar mota tana fitowa daga masana'anta da rubutu a gefenta, wanda aka zuba tare da robar tun tana cikin gashi. Tayar da ake yawan sa wa Corolla, alal misali, tana ɗauke da 195/65R15 91H. Direba ya haddace kashin farko sarai, don shi yake karanta wa mai shago a Ƙofar Ruwa ko a Panteka. Kashi na ƙarshe, wato 91H, ba kasafai ake waiwayarsa ba, alhali shi ne ke faɗin nauyin da tayar za ta iya ɗauka da gudun da za ta jure. Ba mutum ɗaya ne ya zauna ya tsara rubutun nan ba, shi ya sa ya fito a cakuɗe: 195 faɗin tayar ne da milimita, 65 kaso ne cikin ɗari, 15 kuwa girman rim ne da inci. Awo iri uku ke nan a layi ɗaya, kowanne da ƙasar da ta kawo shi da zamanin da ya bar shi a wurin.

Kafin a kai ga lambobi sai da aka sami robar da za ta yi aiki. Danƙon da Turawa suka fara kwasowa daga Kudancin Amurka narkewa yake yi in an yi zafi, ya sandare in an yi sanyi. A 1839 wani Ba'amurke, Charles Goodyear, ya gano cewa in aka dafa shi da farar wuta zai daina wannan hali. Bai ci moriyar abin ba, ya rasu a 1860 da bashi a wuyansa. Kamfanin Goodyear da aka kafa a 1898 aron sunansa kawai ya yi.

Dabarar hura wa taya iska kuwa sau biyu aka ƙirƙiro ta. Robert William Thomson, mutumin Sukotilan, ya yi mata rajista a 1845 don keken doki, amma ta yi tsada, aka manta da ita. A 1888 wani likitan dabbobi a Belfast, John Boyd Dunlop, ya sake gano ta yana neman sauƙaƙa wa ɗansa jijjigar keke mai ƙafa uku a kan titin duwatsu. Bayan shekara biyu aka sanar da shi cewa an riga shi, rajistarsa ta faɗi, sai dai kasuwar keke ta riga ta karɓi abin. A Faransa, André da Édouard Michelin, wa da ƙane, suka fito da tayar keke da ake iya cirewa a yi mata faci a 1891, sannan a 1895 suka shiga tseren mota daga Faris zuwa Bordeaux da dawowa a kan taya mai iska. Sun sha faci a hanya har sun gaji, amma motar ta dawo Faris.

Abin da waɗannan mutane suka gano shi ne tushen duk lissafin da ya biyo baya: iska ce ke ɗaukar kaya. Roba da zare da waya salka ce kawai da ke riƙe iskar. Taya mai ciki babba, ko mai ƙarfin riƙe iska da yawa, ita ce mai ɗaukar nauyi. In iska ta ragu, ƙarfin ɗaukar kaya ya ragu tare da ita, ko da tayar jiya aka sayo ta.

Afirka ta biya kuɗin wannan sabon abu da tsada. Neman danƙo ne ya jawo ta'asar da aka yi a Kwango ƙarƙashin Sarki Leopold na Biyu na Beljiyam, inda aka riƙa yanke hannuwa da ƙone ƙauyuka a kan rashin cika awon roba. A ƙasar Yarabawa an yi rububin tatsar itatuwan daji a tsakiyar shekarun 1890, aka tatse su har suka mutu cikin 'yan shekaru. Daga baya gonakin Malaya suka ƙwace kasuwar, da irin da Henry Wickham ya kwaso daga Birazil a 1876, ƙwaya kusan 70,000. A 1926 kamfanin Firestone ya karɓi hayar eka miliyan ɗaya a Laberiya na shekara 99.

Lambobin farko ba su da wuyar karatu. Ford Model T, wadda ta fito a 1908, tana da 30 x 3½ a tayoyin baya: tsayin tayar gaba ɗaya inci 30, kaurinta inci uku da rabi. Siririya ce, ana ɗura mata iska kusan sittin, kuma fara ce ko ruwan toka. Baƙin da aka sani yanzu ya zo ne a shekarun 1910, da aka lura cewa zuba garin kunkunniya a cikin roba na ninka ƙarkonta. A 1923 Firestone ya fito da taya mai kauri wadda ke aiki da kusan rabin waccan iskar, daga nan salon suna ya juya, aka koma faɗin kaurin taya da girman rim. Wannan tsohon salo bai mutu ba. Mai Kanta da ke neman 7.50-16, da mai tsohuwar gingimari da ke neman 9.00-20, da awon zamanin kakanninsu suke ciniki.

Akwai wata alama da masu bas da masu akori-kura suka fi kowa riƙewa, wato 6PR ko 8PR, yawan ninkin taya. Asalinta auduga ce. A da, gangar jikin taya ana gina ta ne da shimfiɗar zaren auduga da aka tsoma a roba, ana ɗora wata a kan wata a karkace, wannan ta kwanta dama, waccan hagu. Shi ya sa lissafin ke tafiya bibbiyu: huɗu, shida, takwas, goma. Mai ninki takwas ta fi mai huɗu riƙe iska, saboda haka ta fi ta ɗaukar kaya, kuma wanda ya yanka ta zai ƙirga shimfiɗa takwas da idonsa. Da zaren roba irin su nailan suka shigo, daga baya wayar ƙarfe, sai shimfiɗa biyu ta yi aikin da shida ke yi. Masu masana'anta ba su so su rikita abokan ciniki ba, suka bar lambar a matsayin kwatance: ƙarfin wannan taya daidai yake da na mai auduga ninki kaza. Yau tayar tirela da aka rubuta wa 18PR, in aka tsaga gefenta, shimfiɗar waya ɗaya tak za a tarar. Amurkawa sun mai da lissafin haruffa, C a madadin shida, D takwas, E goma. A kasuwannin Arewa dai har gobe ninki ake tambaya, shekaru da dama bayan auduga ta bar cikin taya.

Harafin R da milimita kuwa gadon Faransa ne. A ranar 4 ga Yuni, 1946, Michelin ya yi rajistar wani sabon gini da injiniyansa Marius Mignol ya jagoranta. Maimakon zaren ya kwanta a karkace, sai ya miƙe daga wannan baki zuwa wancan, aka kuma ɗaura wa tayar ɗamarar waya a ƙarƙashin zanen da ke taka ƙasa. Gefe ya sami damar lanƙwasa ba tare da zanen ya murɗe ba. Zafi ya ragu, shan mai ya ragu, ƙarko ya ƙaru sosai. Aka sa ta a kasuwa a 1949 da sunan Michelin X, ita ce radiyal. Kamfanonin Amurka sun daɗe suna ja da baya, don sauya gini na nufin sauya injinan masana'anta kaf, kuma taya mai daɗewa ba abin murna ba ce ga mai sayar da taya. Tsadar man 1973 ce ta karya musu taurin kai. A nasu ɓangaren, su suka yaɗa taya marar tib, wadda B.F. Goodrich ya sanar a 1947, ta zama ruwan dare a sabbin motocinsu a tsakiyar shekarun 1950.

Michelin ya so ya ƙarasa aikin, ya mai da rim ma milimita. A 1975 ya fito da TRX, mai rim irin 390. Ba ta karɓu ba, don sai an sayi rim na musamman, kuma duniya ta riga ta cika da rim ɗin inci. Haka inci ya tsira a ƙarshen layi.

Wanda ya san zamanin Fijo 504, wadda aka fara haɗa ire-irenta a Kaduna bayan buɗe masana'antar PAN a 1975, zai tuna 175 SR 14. Babu lambar kaso a ciki, domin a lokacin tsayin gefen taya kusan kashi 80 ne na faɗinta, ba a ga dalilin rubutawa ba. Sai da aka fara yin tayoyi masu gajeren gefe, 70 da 65 da 60, lambar ta zama dole. A tayar Corolla ɗin nan, kashi 65 na 195 ya kama milimita 127. Harafin S da ke tsakiya kuwa na gudu ne, kuma Turai ce ta kawo shi, musamman saboda manyan titunan Jamus da ba su da iyakar gudu. Da farko haruffa uku ne, S da H da V. Da aka zo cike gurbi da sauran haruffa bi da bi, aka bar H inda yake, shi ya sa ya tsallake layi: S kilomita 180 a awa, T 190, H 210, V 240.

Lambar nauyi ita ce auta a cikinsu. Ta fito daga ƙa'idojin Turai na shekarun 1970, waɗanda suka kawo da'irar nan mai E da lamba (E1 Jamus, E2 Faransa, E4 Holan), kuma sai farkon shekarun 1990 aka daidaita a kan rubuta ta tare da harafin gudu a ƙarshen layi. Matsalarta ita ce ba ta faɗin kilo kai tsaye, sai an duba jadawali. 82 na nufin kilo 475, 88 kilo 560, 91 kilo 615, 95 kilo 690, 100 kilo 800. Kowane mataki ƙarin kusan kashi uku ne cikin ɗari a kan na bayansa. An yi haka ne don lamba ɗaya ta yi wa mai kilo da mai laba aiki, amma sakamakon shi ne mutumin da ya fi kowa buƙatarta, direban haya, ba shi da hanyar fassara ta a tsaye a bakin shago. Abin da ya rage masa shi ne ƙaramin rubutun da ke kusa da bakin rim, inda tayoyi da yawa ke faɗin iyakar nauyin da kilo ƙarara.

Kuma kilo 615 ɗin nan alkawari ne mai sharaɗi. Taya ta ƙaramar mota ba ta kai wannan ƙarfi sai da iska 35 ko 36. Mai alamar XL tana buƙatar kusan 42 kafin ta cika nata, tayar bas mai ninki takwas wajen 65, ta tirela sama da 100. A nan ne al'adar bakin titi ta rabu da takarda. Mota ta tsaya gaban mai faci, injin iskarsa na tari a gindin bishiya, ya jawo tiyo ya tsuguna.

"Maigida, nawa za a sa?"

"Sa hamsin, akwai kaya."

Wani lokaci geji ya daɗe da lalacewa, sai a buga tayar da ƙarfe a saurari ƙararta, ko a danna da babban yatsa. Direban bai yi kuskure gaba ɗaya ba, ya gane cewa kaya na son iska. Inda aka sami tangarɗa shi ne, bayan 36 tayar ƙaramar mota ba ta ƙara ɗaukar ko kilo ɗaya, sai dai ta sandare, tsakiyar zanenta ya suɗe, ta rage kama ƙasa. Lambar 44 ko 51 da ke jikinta iyaka ce da ba a so a wuce. Awon da ya dace da motar yana kan wata 'yar takarda a jikin ƙofar direba ko murfin tanki, tare da nauyin mutane da kaya da motar za ta ɗauka, wanda a ƙananan motoci bai cika wuce kilo 400 zuwa 500 ba. Manya biyar da buhun masara ɗaya sun cinye shi.

Rashin iska ya fi yawanta haɗari, kuma Amurka da gawawwaki ta koyi wannan. Tun bayan dokar kiyaye haɗurra ta 1966 hukumar sufurinsu ta sa aka fara buga DOT a jikin taya, daga 1971 kuma da lambar da ke nuna masana'anta da lokacin ƙira. A watan Agustan 2000 Firestone ya janye tayoyi miliyan shida da rabi, akasarinsu a kan Ford Explorer, bayan zanensu ya riƙa ɓarewa ana cikin gudu, motoci suna wuntsilawa. Hukuma ta danganta mutuwar mutum 271 da lamarin. Ford ya ce aibin ƙira ne, Firestone ya ce iska 26 da Ford ya rubuta ta yi kaɗan, 30 ya kamata. Abin lura ga mazauna ƙasar zafi shi ne inda abin ya fi tsanani: jihohin kudu na ƙasar Amurka, da Saudiyya, da Benezuwela. Taya mai ƙarancin iska da nauyi a kanta tana lanƙwasa fiye da kima a kowane juyi, lanƙwasar na haifar da zafi, zafin na raba roba da waya. Daga wannan rikici aka yi dokar TREAD, wadda ta tilasta sa na'urar da ke kunna fitila in iska ta ragu, a duk sabuwar ƙaramar mota daga 2007. Fitilar ce ke ci a gaban direbobi da yawa na motocin Kwatano, wasu har sun liƙe ta da salatif.

A shekarar 2000 ɗin ce kuma lambar lokacin ƙira ta koma huɗu. Da uku ce, mako da lambar ƙarshe ta shekara, ba a iya bambance 1988 da 1998 cikin sauƙi. Yanzu 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Wannan ita ce lambar da 'yan Najeriya suka fi sani, albarkacin jami'an hukumar kiyaye haɗurra, wadda aka kafa a 1988, masu duƙawa su karanta ta a shingen hanya. Hukumar ta daɗe tana wa'azin shekara huɗu. Manyan masu ƙera taya sukan ce a riƙa binciken ta duk shekara bayan ta kai biyar, a cire ta in ta kai goma ko da zanenta na nan. A ƙasar da kwalta ke ƙona tafin ƙafa a watan Afrilu, gajeren wa'adin yana da hujja.

Akwai lokacin da Najeriya ke ƙera tayoyinta. A farkon shekarun 1960 Michelin ya buɗe masana'anta a Fatakwal, Dunlop kuma a Ikeja, kusa da gonakin roba na Kudu. Michelin ya rufe a 2007, Dunlop ya daina ƙira a 2008, dukansu suna kukan rashin wuta da rage harajin tayoyin waje. Robar Edo da Delta da Kuros Riba ta ci gaba da fita ɗanya, taya na dawowa a kwantena daga Asiya. Tare da sababbin kuma ga na gwanjo, duk da suna cikin jerin kayan da kwastan ta haramta shigo da su. Hukumar kula da ingancin kaya ta sha kama tayoyin da aka cusa wasu cikin wasu don a rage kuɗin jigila, abin da ke lanƙwasa wayar baki tun ba a ɗaura ta a rim ba. A cikin na gwanjon akwai masu hoton dutse da ƙanƙara a gefe, waɗanda aka yi da roba mai laushi don hunturun Turai, ga su a hanyar Maiduguri. In sun gama yawo, masu takalmin taya da masu gugar rijiya su karɓa.

A wajen bas ne rashin karanta lambar nauyi ya fi fitowa fili. Tayar Hiace ta asali takan zo da 195R15C 106/104. Harafin C na motar kasuwanci ne, 106 kuma kilo 950 ne, huɗu sun ba da kilo 3,800. Bas ɗin kanta kusan tan biyu ce. A zuba mutum 18, a ɗauka kowanne kilo 70, an ƙara 1,260, ba a sa jakunkuna da buhunan da aka ɗaure a baya har but ya ƙi rufuwa ba. To, a ce mai motar ya ga ta asali ta yi tsada, ya sayi 205/65R15 94 ta ƙaramar mota, tunda ita ma 15 ce, ta zauna a rim daram. 94 kilo 670 ne, huɗu 2,680. Tun kafin a ɗora jaka ɗaya an haura iyaka da fiye da rabin tan, kuma nauyin ba raba daidai yake yi ba, tayoyin baya ne ke shan mafi yawa. Karen mota zai zagaya a tasha ya buga kowace da sifana, duk su amsa lafiya, domin a sanyaye suke.

Manyan motoci nasu lissafin ya wuce taya ya shafi titi. A da jirgin ƙasa ne ke jan kaya masu nauyi: dogo ya iso Kano a 1911, Ƙauran Namoda a 1929, Nguru a 1930, Maiduguri a 1964, kuma a kansa dalar gyaɗa ta gangara teku. Da jirgin ya durƙushe, siminti da taki da mai da shanu suka hau kwalta. Tayar tirela irin 315/80R22.5 156/150 lamba biyu gare ta: kilo 4,000 in ita kaɗai ce, 3,350 in an jera su biyu, don tudun tsakiyar titi kan sa ɗaya ta fi 'yar'uwarta shan nauyi, kuma suna dafa juna da zafi. Huɗu a aksul ɗaya sun ɗauki tan 13.4. Amma titi ba ya jure haka. Gwajin da aka yi a Ottawa ta jihar Illinois daga 1958 zuwa 1960, inda aka sa sojoji suka yi ta zagaya titunan gwaji da manyan motoci dare da rana, ya nuna cewa in aka ninka nauyin aksul sau biyu, ɓarnar da yake wa titi kan ninka kusan sau 16.

A kan irin wannan lissafi ƙasashen ƙungiyar UEMOA, wato masu kuɗin sefa a Afirka ta Yamma, ciki har da Nijar, suka zartar da doka mai lamba 14 a Disambar 2005, wadda ta tsai da tan 11.5 zuwa 12 ga aksul ɗaya na baya, da tan 51 ga tirela mai aksul shida da kayanta. ECOWAS ta bi sahu da irin wannan ƙa'ida a 2012. An gina sikelin auna motoci a bakin tasoshin ruwa da kan iyakoki, an kuma sha ɗage ranar fara aiki da dokar gadan-gadan, saboda masu motoci na cewa kuɗin da ake biyan su ba zai fitar da su ba sai da obalodi. Tirelar siminti mai buhu 600 tana ɗauke da tan 30. Mai buhu 900 tan 45 ce, kuma da an haɗa da nauyin kai da bodi ta tsallake 51 tun ba ta bar harabar lodi ba.